Magani Cikin Buhu: Waiwaye Kan Abincin Kaji Mai Magani da Gane Ciwon Tsuntsayen Gida

Daga cikin sauye-sauyen da suka sami kiwon kaji da agwagi a gidajen ƙasar Hausa tun bayan samun mulkin kai, wanda ya fi shigowa ba tare da an ankara ba shi ne buhun abincin kamfani, domin baya ga masara da waken suya da sinadaran gina jiki da aka niƙa aka gauraya, buhun yakan zo da magani a cikinsa, maganin da mai kiwo bai auna da hannunsa ba, sau da yawa ma bai san sunansa ba. Abin da ake nufi da abinci mai magani shi ne wanda aka zuba wa wani sinadari mai kashe ƙwayar cuta ko mai hana ta hayayyafa tun daga masana'anta, a ƙayyadadden ma'auni, domin tsuntsu ya riƙa cinsa kullum ko da lafiyarsa ƙalau. An ƙirƙiro wannan dabara ne saboda manyan gidajen gona, inda dubban kaji jinsi ɗaya kuma sa'o'in juna suke zaune a ɗaki ɗaya, amma sannu a hankali ta gangaro tsakar gida, inda kaza da zabo da agwagwa da talo-talo, babba da ƙarami, suke cusa baki a kwano ɗaya. Ta haka magani ya riga sanin ciwo isowa gida, kuma daga wannan rigen ne mafi yawan ruɗanin da ake fama da shi a yau ya samo asali.

Kiwon tsakar gida kafin zuwan buhu

A tsohon tsari kazar gida ita ke nemo mafi yawan abincinta, tana tono a bola da gindin rumbu da wurin sussuka, a watsa mata tsabar gero ko dawa da safe, a jiƙa mata dusa, 'ya'yanta kuma a ba su tsaki da garar da yara suka haƙo. Agwagwar da aka fi sani a wannan yanki, wato babbar nan mai jan fuska wadda asalinta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, wadda kuma take kwancin kwana 35 maimakon 21 na kaza, takan ƙara da abin da ta tsinta a kwata da kududdufi. Kiwon galibi na mata ne da yara, dukiya ce ta kusa da hannu wadda ake sayarwa domin ƙaramar bukata, ko a yanka wa baƙo, ko a fita kunyar suna da Sallah. Ciwo kuwa ana kiransa ne da alamar da ido ya gani, a ce farin kashi ko kashin jini ko mura ko ƙuraje ko murɗewar wuya, magani kuma daga abin da ke kusa ake samo shi: barkono a ruwan sha, jiƙon ɓawon maɗaci, gautan kaji, toka saboda ƙwarƙwata, man ja saboda ƙuraje.

Ƙarfin wannan tsari shi ne lura, domin matar da take buɗe akurki kowace safiya ta san wadda ta makara wajen fitowa, ta san wadda ta saki fiffike, ta kuma san ranar da launin kashi ya canja. Rauninsa kuwa shi ne alama ɗaya takan fito daga cututtuka da dama waɗanda asalinsu ya sha bamban. Annobar da kan share kajin ƙauye kusan kowane hunturu ta isa misali. Masana suna kiranta cutar Niwkasil, da sunan garin Ingila da aka gan ta a 1926, shekarar da aka gan ta a tsibirin Jaba na Indunusiya, an kuma tabbatar da ita a Nijeriya a farkon shekarun 1950. Mai haddasa ta bairas ne, wato ƙwayar cutar da ba ta rayuwa sai a cikin ƙwayar halittar wani, wadda kuma maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta, balle barkono. Al'adar yanka kaza da zarar ta fara gyangyaɗi don gudun kada ta zama mushe, da garzayawa da sauran kasuwa kafin su kamu, ta rage wa mai kaji asara, amma ita ce kuma take raba cutar tsakanin ƙauyukan da suke cin kasuwa ɗaya.

Yadda magani ya shiga cikin abinci

Tarihin abinci mai magani ya faro ne daga cutar koksidiyosis, wadda mai kiwo ya fi sani da kashin jini. Masu haddasa ta wasu ƙananan halittu ne masu ƙwayar rai guda, 'yan rukunin Emeriya, waɗanda suke shiga bangon hanji su hayayyafa su farfasa shi. An daɗe da tantance nau'o'i bakwai da suke kama kaza, kuma wanda ya fi bayyana ga ido shi ne mai zama a jakunkunan nan biyu na kusa da ƙarshen hanji, ya cika su da jini. Ƙwan halittar yana fita ne tare da kashi, ba ya kuma iya kama wani tsuntsu sai ya sami danshi da ɗumi da iska na kwana ɗaya ko biyu, sannan idan wani tsako ya haɗiye shi, cikin kimanin mako guda ya ninka kansa sau dubbai. Kazar sake, da yake tana yawo a busasshiyar ƙasa mai faɗi, tana haɗiyar ƙwan ne kaɗan-kaɗan har jikinta ya koyi kare kansa, amma da manoman Amurka suka fara tara dubban 'yan tsaki a rufaffen ɗaki kan shimfiɗa guda, sai cutar ta zama shingen da ya hana sana'ar bunƙasa, musamman ga 'yan mako uku zuwa shida.

A shekarar 1948 masu bincike a Amurka suka nuna cewa idan ana zuba ɗan ƙaramin ma'auni na salfakwinokzalin a abinci kullum, za a iya danne cutar tun kafin ta bayyana, daga nan kuma magunguna suka biyo juna: nikarbazin a 1955, amfuroliyam a 1960, sai monensin a 1971, wanda shi ne na farko a rukunin ayonofo, wato magungunan da suke dagula shige da ficen gishiri a jikin ƙwayar cutar har ta kumbura ta mutu. A ɗaya ɓangaren kuma, a 1950 Thomas Jukes da Robert Stokstad na ɗakin binciken Lederle suka bayyana cewa 'yan tsakin da aka ba tukar da ta rage bayan haɗa maganin oreyomaisin sun fi sauran saurin girma, kuma a 1951 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa zuba antibayotik, wato magungunan kashe bakteriya, a abincin dabbobi domin ƙiba kawai. Aka kuma haɗa da sinadarai masu arsenik irin su roksason, da rukunin naitirofuran irin su furazolidon. Ke nan buhu mai magani iri uku ne: mai hana koksidiyosis, da mai sa girma, da mai warkar da wata cuta da likita ya gano. Kusan dukkansu a kan kaza da talo-talo aka gwada su aka fitar da ma'auninsu, agwagwa kuwa, da yake kasuwarta ƙarama ce, da wuya a ga sunanta a takardar buhu.

Agwagwa da buhun kaji

A Nijeriya wannan tsari ya fara ne a gidajen gonar gwamnati da na 'yan kasuwa, sannan ya bazu ƙwarai bayan da aka hana shigo da daskararren naman kaji daga waje a farkon shekarun 2000, lokacin da 'yan tsakin kwana ɗaya daga wuraren ƙyanƙyasa na yankin Ibadan suka riƙa isowa Kano da Kaduna da Sakkwato cikin kwalaye, magidanta da matan aure kuma suka shiga kiwon buroila hamsin ko ɗari a bayan ɗaki saboda kasuwar Sallah da Kirsimeti. Babban gidan gona yana sayen buhu da takardarsa, yana kuma da likitan dabbobin da zai karanta ta, amma mai kaji ashirin da mudu yake awo a shago, kuma da zarar an kwance bakin buhu an juye a leda, sunan maganin da ma'auninsa da gargaɗinsa duk sun zauna a shago. Abin da ya rage bayan buroila sun ƙoshi, shi ake watsa wa 'ya'yan agwagwa da zabi, wani lokacin har tunkiya da jaki su lashe kwanon.

Daga nan ne tambayar da ta daɗe tana yawo tsakanin masu kiwo a ƙasashe da dama ta taso, wato ko abincin 'yan tsaki mai magani yana kashe 'ya'yan agwagwa. Wannan tsoro yana da tushe a tarihi, domin wasu daga cikin magungunan farko sun cutar da su haƙiƙa. Furazolidon, alal misali, yana sa zuciyar ɗan agwagwa da ta ɗan talo-talo ta buɗe ta yi laushi har ta kasa tura jini, kuma da yake ɗan agwagwa ya fi tsako ci da saurin girma, yawan maganin da ke shiga jikinsa a rana ya zarce wanda aka ƙiyasta wa kaza. Sai dai an janye waɗannan magunguna daga dabbobin da ake ci: Amurka ta janye furazolidon a 1991, Tarayyar Turai a 1995, hukumar NAFDAC ma ta sa shi cikin haramtattu, sinadarai masu arsenik kuma aka gama janye su a Amurka tsakanin 2013 da 2015. Amfuroliyam, wanda ake zubawa giram 125 a kowane tan na abinci, aikinsa daban ne, domin siffarsa ta yi kama da ta tayamin, wato bitamin B1, sai ƙwayar cutar ta ɗauke shi a maimakon bitamin ɗin ta mutu da yunwa, kuma a wannan ma'auni ba a san shi da kashe 'ya'yan agwagwa ba. Idan ya wuce kima ne tsuntsun da kansa yake rasa tayamin, wuyansa ya sanƙare ya koma baya. Haka kuma mai kiwon da ya haɗa shi da bitamin mai yawa a ruwan sha ya rage masa ƙarfi da hannunsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci, wato mafi yawan lokaci agwagwa ba ta bukatar maganin tun asali, domin kowane nau'in koksidiya da jinsin tsuntsun da yake kamawa, na kaza ba ya zama a hanjin agwagwa, nata kuma bai cika yin ɓarna irin ta na kaza ba. Gudunmawarta ga cutar ta wata hanya ce: takan jiƙa shimfiɗar ɗaki da wasan ruwa, danshin nan kuma shi ne abin da ƙwan koksidiyar kaza yake jira. Hatsarin da ya rage a yau ya fi karkata ga rukunin ayonofo, waɗanda tazarar da ke tsakanin ma'aunin amfani da na guba a cikinsu ƙanƙanuwa ce. Monensin da ake zuba wa buroila wajen giram 100 zuwa 120 a tan, miligiram 2 zuwa 3 a kowane kilo na nauyin jiki kan iya kashe doki, salinomaisin yana shanye ƙafafun manyan talo-talo ya kashe su, kuma idan aka ba kaza maganin tiyamulin saboda mura alhali tana cin abinci mai monensin ko salinomaisin, hanta takan kasa fitar da ayonofo ɗin, ya taru ya zama guba. Nikarbazin kuwa yana rage wa buroila juriyar zafi, abin da ba a yi wa wasa a bazarar Sakkwato ko Maiduguri, idan kuma ya shiga abincin masu ƙwai sai ɓawon ya koɗe, ƙyanƙyasa ta ragu.

Maganin da ake zubawa a ruwan sha shi ma da nasa tarkon. Ma'aunin da aka rubuta a jikin leda, a ce cokali kaza a lita kaza, an gina shi ne kan yawan ruwan da kaza take sha a yanayi matsakaici, alhali agwagwa ta fi kaza shan ruwa nesa ba kusa ba, kuma a tsakiyar bazara kowane tsuntsu yakan ninka abin da yake sha. Saboda haka maganin rukunin salfa da aka dama daidai da rubutu yana iya wuce kima a jiki, ya lalata ƙoda ya jawo zubar jini, mai kiwo kuma, ganin ana ci gaba da mutuwa, ya ƙara wani cokalin.

Laifin da ake ɗora wa magani ba nasa ba

Da yawa daga cikin 'ya'yan agwagwar da ake cewa maganin buhu ne ya gurgunta su, ƙarancin niyasin ne ya kayar da su. Niyasin bitamin ne na rukunin B, kuma ma'aunin da majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta fitar a 1994 ya nuna ɗan agwagwa yana bukatar miligiram 55 a kowane kilo na abinci, alhali tsakon buroila 35 yake bukata, na kajin ƙwai kuma 27. Dalili shi ne jikin agwagwa bai iya sarrafa niyasin daga sinadarin gina jiki kamar yadda na kaza yake yi ba, ga shi kuma niyasin da ke cikin masara a ɗaure yake, hanji ba ya iya cire shi. Alamar ita ce ɗan agwagwa mai makonni kaɗan, idonsa garau yana cin abinci, amma ƙafafunsa sun gwame, gwiwa ta kumbura, ya fi son zama da tafiya, kuma idan aka gane da wuri, ƙarin yis ko bitamin mai niyasin yakan tashe shi. Haka nan abincin kaji masu ƙwai, wanda kalsiyam ɗinsa ya kai kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari saboda ɓawon ƙwai, yana lalata ƙodar ƙananan tsuntsaye waɗanda bukatarsu ba ta wuce wajen kashi 1 ba, ko da babu ɗigon magani a cikinsa.

Mafi hatsari daga cikin abin da buhu kan ɗauko shi ne gubar da babu wanda ya zuba ta. A shekarar 1960 'ya'yan talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila da wata cuta da aka rasa sunanta, daga baya aka gano cewa tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil ce take ɗauke da dafin wata fumfuna, dafin da aka raɗa wa suna aflatoksin. A binciken da ya biyo baya an tarar cewa ɗan agwagwa yana cikin halittun da suka fi kowa saurin kamuwa, har ta kai ana amfani da ɗan kwana ɗaya a matsayin ma'aunin gwada gyaɗar da ake tuhuma. Wannan batu ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, kasancewarta ƙasar gyaɗa da masara, inda ake haɗa abincin kaji da ƙuliƙuli da dusa, kuma hatsin da ya yi fumfuna har mutane suka ƙi shi, shi ake cewa a ba kaji. Dafin yana cin hanta, yana raunana garkuwar jiki har riga-kafi ya kasa aiki, dafuwa ba ta kashe shi, kuma iyakar da Amurka ta sa a abincin ƙananan tsuntsaye kashi 20 ce kacal cikin biliyan. Buhun da aka jingina da bango mai danshi a damina yana iya zama guba kafin ya ƙare.

Agwagwa kuma tana da cututtukan da suka fi zama nata. Akwai shanyewar jiki da dafin bakteriyar botulizim ke haddasawa, wanda take ɗauka daga ruɓaɓɓen ruwa ko daga tsutsar da ta ci mushe, ya fara da ƙafa ya hau fiffike har wuya ya langaɓe ya kasa ɗaukar kai. Akwai ciwon hanta na bairas, wanda aka fara bayyanawa a gonakin agwagi na Long Island a Amurka a 1949, mai kashe 'yan ƙasa da mako shida cikin sa'o'i, kansu a lanƙwashe baya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da abinci mai magani yake hanawa, ko kafson tetirasaikilin mai ja da rawaya da ake farkewa a zuba a ruwa yake warkarwa.

Daga kallon alama zuwa tantance cuta

Abin da ilimin likitancin dabbobi ya ƙara a kan tsohuwar lura shi ne tsarin tambaya, wato a daina duban tsuntsu ɗaya a dubi garken gaba ɗaya: wane jinsi ne ya kamu, wane ne ya tsira, makonni nawa gare su, da wane sauri suke mutuwa, kuma me ya canja a 'yan kwanakin nan, sabon buhu ne ko sabuwar kaza daga kasuwa ko ruwan sama da ya kwanta. A nan cakuɗuwar tsakar gida, wadda ta zama matsala wajen ciyarwa, takan zama taimako. Idan 'yan tsaki masu mako uku zuwa shida ne kaɗai suke kashin jini a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, zato ya fi ƙarfi a kan koksidiyosis. Idan sa'o'insu ne suke farin zawo mai ruwa suna tsattsagar duburarsu, ana tunanin Gumboro, wata cutar bairas da aka bayyana a 1962 wadda take lalata garkuwar tsako. Idan 'ya'yan agwagwa ne suka fara zubewa bayan an buɗe sabon abinci alhali manyan kaji suna tsaye, abincin ake fara tuhuma. Idan kuwa kaji manya da ƙanana suna mutuwa da koren zawo da numfashi da kyar da murɗewar wuya, agwagi kuma suna yawonsu, to Niwkasil ce a gaba, domin agwagwa takan ɗauki bairas ɗin ba tare da ta nuna ba.

Shekarar 2006 ce ta nuna iyakar abin da ido zai iya. A ranar 8 ga Fabrairu aka ba da sanarwar cewa murar tsuntsaye nau'in H5N1 ce take kashe kaji a wata babbar gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, bayan ɗakin gwaji na Padoba a Italiya ya tabbatar, wanda hakan ya sa Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar da cutar a cikinta. Kafin watan ya ƙare aka same ta a jikin agwagin gida a Magarya, cikin yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar, a farkon 2007 kuma aka tabbatar ta kashe wata mata a Legas. Cutar ta sake ɓulla a Kano da Legas a Janairun 2015. Alamunta, wato mutuwar farat ɗaya da kumburin kai da zanko ya yi shuɗi-shuɗi da ɗigon jini a ƙaramin cikin da ke gaban ƙundu, suna kama da na Niwkasil mai tsanani har ƙwararren likita ba ya yanke hukunci sai da gwaji. Tun daga lokacin ƙa'ida ta canja: inda tsuntsaye suke mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ba a yankawa, ba a fiɗa, ba a kaiwa kasuwa, sai a killace a sanar da ofishin dabbobi.

A sauran lokuta kuwa, buɗe gawar da ba ta daɗe da mutuwa ba a gaban malamin dabbobi yakan warware abin da mako guda na canje-canjen magani bai warware ba, domin jakunkunan hanji cike da jini, ko hanta da ta koɗe ta yi rawaya, ko farin alli da ya lulluɓe zuciya da ƙoda, kowanne da inda yake nuni. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda tarihinta ya faro daga 1924, da asibitocin koyarwa irin na tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, su ne suke da kayan tantance bairas da bakteriya. Vom ɗin ce kuma take sarrafa riga-kafin Niwkasil, ciki har da nau'in I-2 da aka samar a Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya, wanda ya fi sauran jure zafi, ake ɗiga shi a ido kusan kowane wata huɗu, ya kuma fi dacewa da ƙauyen da babu firiji.

Inda akalar ta juya

Ƙasashen da suka fara rungumar abinci mai magani su ne suka fara ja da baya, bayan da aka fahimci cewa ƙaramin ma'aunin antibayotik na kullum yana kashe raunanan bakteriya ya bar masu taurin kai su yaɗu, har su kai ga mutane. Rahoton kwamitin Swann ya yi wannan gargaɗi a Birtaniya tun 1969, Suwidin ta hana antibayotik na sa girma a 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu gaba ɗaya a farkon 2006, Amurka kuma daga 2017 ta wajabta izinin likita kafin a zuba masu muhimmanci ga lafiyar ɗan Adam a abincin dabbobi. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yammacin Afirka kudu da Sahara ne yankin da abin ya fi tsanani idan aka kwatanta da yawan jama'a. Nijeriya ta fitar da shirinta na ƙasa kan wannan matsala a 2017, amma binciken jami'o'in ƙasar ya sha gano ragowar magunguna irin su oksitetirasaikilin a ƙwai da naman da ke kasuwa, alamar cewa ba a cika kiyaye wa'adin janye magani ba, wato kwanakin da dole a jira bayan shan ƙarshe kafin a yanka ko a ci ƙwai.

Idan aka haɗa waɗannan duka, za a ga cewa tambayar ko abinci mai magani yana da hatsari ba ta amsuwa sai an san wane magani ne, a wane ma'auni, ga wane jinsi, mai makonni nawa, kuma saboda wace cuta. Maganin hana koksidiyosis yana da gurbinsa ga 'yan tsakin da aka tsare da yawa a ɗaki ɗaya, musamman da damina. 'Ya'yan agwagwa sun fi bukatar abinci sabo busasshe marar magani mai isasshen niyasin, da ruwan da zai ishe su tsoma kai su wanke hanci da ido, a wurin da ba su jiƙa wa kaji shimfiɗa ba. Antibayotik kuwa ba shi da aiki a jikin tsuntsu mai lafiya, ba shi kuma da aiki a kan bairas. Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani, kuma kuskuren zamanin buhu shi ne ɗaukar shan magani kullum a matsayin riga-kafi, alhali riga-kafin da ya fi rage mutuwa a tsakar gida shi ne ɗigon Niwkasil kafin hunturu, da killace sabuwar kaza na mako biyu, da raba kwanon ci tsakanin jinsi da jinsi. Gibin da ya rage na hukuma ne da 'yan kasuwa: a tilasta wa mai sayar da abinci da mudu ya nuna takardar buhun da ya kwance, a rubuta gargaɗin da harshen da mai saye yake karantawa, a kuma horar da masu riga-kafi na ƙauye, mata musamman, tunda su ne masu kajin, domin a sami wanda zai duba garke ya faɗi abin da yake zato kafin a je shagon magani.